Uban Igwa: Labarin Roka A Yaƙin Basasar Nijeriya

Kafin in shiga cikin bayani ya kamata in gaya wa mai karatu dalilin da ya sa ɗalibin Hausa, wanda aikinsa nahawu da nazarin waƙa, ya tsoma baki cikin sha'anin makamai. Kalma guda ce ta jawo ni. Ni mutumin Taloka ne a ƙasar Goronyo, kuma a gidanmu akwai wani tsoho, ƙanen kakana, wanda ba ya ji da kunnen hagu. Kaka Soja muke ce masa. Tun muna yara in muka tambaye shi abin da ya sami kunnensa, amsa ɗaya yake ba mu, wai uban igwa ne ya cinye shi a Anacha. Mu kuwa sai mu yi ta dariya, muna zaton wasan kaka da jika ne kawai.

Sai da na zo jami'a, ina duba wani littafi a kan yaƙin basasa, na ci karo da kalmar ogbunigwe. Na karanta ta sau biyu a fili, nan take na gane uban igwar Kaka Soja. Kalmar Ibo ce, ma'anarta abin da ke kashe mutane da yawa a lokaci guda, amma kunnen Bahaushe ya karɓe ta ya sake mata tufafi, ya fito da suna mai ma'ana a harshensa. Malamanmu na ilimin harshe sun san irin wannan aro. To, daga bin sawun kalma sai na tsinci kaina ina bin sawun makamin.

Da farko dai, mene ne bambancin roka da igwa? Igwa bindiga ce babba. Albarushinta yana ƙonewa gaba ɗaya a cikin bututu, ya tunkuɗo harsashi waje, daga nan harsashin ba shi da sauran wani ƙarfi sai wanda aka ba shi tun farko. Saboda haka dole bututun ya zama na ƙarfe mai kauri, mai nauyi, wanda sai babbar masana'anta ke iya ƙerawa. Ita kuwa roka da guzurinta take tafiya. Albarushinta yana jikinta, yana ci yana tura ta gaba, watau ba ta bukatar komai sai abin da zai saita mata fuska. Bututu mara kauri ya isa, ana iya ɗora shi bisa mota ko a kafa shi a ƙasa. Wannan shi ne alherinta ga mayaƙi, kuma a nan aibinta yake. Tun da tana ci ne tana tafiya, iska kaɗan ko rashin daidaiton albarushi ya isa ya karkatar da ita, ta faɗa nesa da inda aka nufa. Mai igwa yakan auna gida guda, mai roka kuwa unguwa yake aunawa.

Makamin ba sabo ba ne. Sarkin Maisur na ƙasar Indiya, Tipu Sultan, ya yaƙi Turawan Ingila da roka mai jikin ƙarfe har zuwa rasuwarsa a fagen fama cikin 1799. Turawan suka kwashi samfurinta suka kai gida, wani mai suna William Congreve ya gyara ta, suka ƙona birnin Kofenhegan da ita cikin 1807. A ƙasarmu ma, sa'ad da suka tasam ma birnin Binin cikin 1897, sun cilla roka cikin gari kafin su shiga. Amma nan arewa da igwa da bindiga mai ruwa suka zo mana. Duk wanda ya taso a yankinmu ya san Wurno ribaɗi ce, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaune ta don tsaron iyaka, kuma can aka rufe shi cikin 1837. Hikimar ribaɗi ita ce ganuwa, domin muddin makamin abokin gaba kibiya ce da mashi da doki, wanda ke bayan ganuwa ya tsira. Igwar Kanar Morland ta fasa ƙofar Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, ran 15 ga Maris kuma aka yi karon Sakkwato, wanda bai daɗe ba. Tun daga ran nan ganuwa ta zama abin tarihi.

Roka irin ta zamani kuwa a yaƙin duniya na biyu ta yi suna. Ran 14 ga Yuli 1941 sojan Rasha suka yi wa Jamusawa ruwanta a tashar jirgin ƙasa ta garin Orsha. Katyusha suke kiranta. Mota guda tana ɗauke da roka 16, ta saki dukansu cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka, su yi tafiyar kilomita takwas da ɗoriya, kafin a mai da martani motar ta bar wurin. Rashawa sun san makamin ba shi da saiti, sai suka yi maganin abin da yawa, watau in ɗaya ta kuskure, goma ba za su kuskure duka ba. Cikin 1963 suka fito da ƙanwarta mai bututu 40, wadda ke juye cikinta cikin daƙiƙa 20, ta kai nisan kilomita 20, tafiyar da mai ƙafa zai yi sa'a huɗu yana yi. Sunanta Grad, ma'anarsa a harshensu ƙanƙara. Manomi ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan suna, don ya san ƙanƙara ba ta tambayar gonar wa ta sauka.

Yanzu sai mu dawo gida. Ba zan tsaya dogon bayani kan musabbabin yaƙin basasa ba. An kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, aka yi juyin ramuwa cikin Yuli, aka kuma kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan arewa cikin wannan shekara. Ran 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara, ran 6 ga Yuli aka fara harbi. Kaka Soja ya ce shi da samarin yankinmu da dama zafin kisan Sardauna ne ya kai su layin ɗaukar soja, tun da Sardauna ɗan Rabah ne, maƙwabcinmu. Horon 'yan makonni aka yi musu aka ɗora su a mota. Bai taɓa ganin Kwara ba sai ran da aka ce ya ƙetare ta.

Gwamnatin tarayya tana sayen makamai daga Ingila da Rasha. Biyafara kuwa an toshe mata teku tun da wuri, Bonny ta faɗi cikin Yuli 1967, Kalaba cikin Oktoba. Wanda aka rufe wa ƙofa ba shi da abin yi sai ya duba abin da ke cikin ɗaki. Suka tara malamai da injiniyoyi, yawancinsu daga jami'ar Nsukka, suka kafa sashen bincike da ƙere-ƙere da aka sani da RAP. Cikinsu akwai Gordian Ezekwe da Felix Oragwu da Willy Achukwu. Mutanen nan sun tace mai, sun yi motocin sulke, amma abin da ya fi yi musu suna shi ne ogbunigwe. Sunan ya haɗa makamai iri-iri. Akwai wadda ake binnewa a hanya, akwai mai siffar bokiti wadda ake cika wa da guntayen ƙarfe a fuskantar da ita wajen masu zuwa, har ake ce mata bokitin Ojukwu, akwai kuma mai tashi, watau roka. Ita mai tashin da nufin kakkaɓo jiragen sama aka fara yin ta. Ba ta yi wannan aiki ba, don abin da ba ya iya samun gida a tsaye yaya zai sami jirgi a guje? Sai aka sunkuyar da bakinta aka fuskanci sojan ƙasa.

Mai karatu ya lura, dalilin da ya sa suka yi roka ba su yi igwa ba shi ne wanda na ambata a baya. Ba su da masana'antar da za ta ƙera bututun igwa, amma bututun ruwa da ƙarfen walda ba su gagare su ba.

Rundunar da Kaka Soja ya faɗa cikinta ita ce Runduna ta Biyu, wadda aka harhaɗa cikin gaggawa bayan Biyafara ta kutsa Jihar Tsakiyar Yamma ran 9 ga Agusta 1967. Kwamandanta Kanar Murtala Muhammad. Sun ƙwato Binin cikin Satumba, suka isa Asaba farkon Oktoba. A nan dole in faɗi abin da littattafanmu na makaranta suka tsallake, watau ran 7 ga Oktoba 1967 sojan wannan runduna sun harbe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba. Na taɓa tambayar Kaka Soja wannan magana, sai ya juyo mini kunnen hagu. Daga Asaba ana hangen Anacha a ƙetaren Kwara, amma an karya gada. Sau uku Murtala ya gwada ƙetarawa da jiragen ruwa, sau uku ana mai da shi baya da hasarar rayuka mai yawa. Daga bisani rundunar ta zagaya ta ƙetare a Idah, ta biyo ta wajen Inugu da Awka, ta shiga Anacha ran 21 ga Maris 1968.

Shiga gari daban, riƙe shi daban. Sojan da ke Anacha suna bukatar harsashi da mai da abinci, hanyar kawo su kuwa guda ce, tsohon titin Inugu zuwa Anacha, siriri, daji dama da hagu. Ran 31 ga Maris 1968 wani ayarin motoci kimanin ɗari ya biyo wannan titi. A garin Abagana, gaba da Awka kaɗan, sojan Biyafara ƙarƙashin Manjo Jonathan Uchendu sun yi kwanton ɓauna. Harbi guda ya sami tankar mai. Wuta ta tashi ta bi motocin da ke kusa, ta isa masu ɗauke da harsashi, su kuma suka shiga fashewa suna kunna na gaba da na baya. Ba wurin juyawa, ba wurin ratsewa. Kusan ayarin duka ya ƙone, sojoji da direbobi masu yawa suka hallaka. Ba a daɗe ba Murtala ya bar rundunar, Kanar Ibrahim Haruna ya karɓe ta.

Marubuta sun saɓa a kan abin da ya sami tankar. Wasu sun ce ƙaramar igwar nan ce mai cilla harsashi sama ya faɗo, wadda Turawa suka yi wa suna da turmi saboda siffarta. Amma riwayar da aka samo daga Uchendu kansa ta ce roka ce ta gida, kuma abin mamaki, ba da umurninsa aka harba ta ba. Yawan motocin ya firgita yaransa, yana cikin yi wa mai rokar bayanin lokacin da zai harba, sai hannun yaron ya yi rawa ya sake ta, ta tafi ta faɗa kan tankar.

A nan nake so in daɗe kaɗan, don a ganina nan ne darajar labarin take. A gabashin ƙasar nan ana ba da labarin Abagana a matsayin shaidar ƙwarewar masu ƙera ogbunigwe. Ban musa ƙwarewarsu ba, mutanen da aka rufe ba shiga ba fita suka yi makami da hannunsu sun cancanci a jinjina musu. A wajenmu kuma ko dai a yi shiru, ko a ce asiri ne aka yi wa ayarin. Ni ban gamsu da ko ɗaya ba. In riwayar Uchendu ta tabbata, harbin da ya fi kowane harbi suna a yaƙin nan kuskure ne na yaro mai tsoro. Abin da ya ƙone ayarin kuwa ba albarushin rokar ba ne, don bai kai ya ƙone mota ɗari ba. Man tarayya ne da harsashin tarayya suka ƙone motocin tarayya, saboda an jera su gaba da baya a siririyar hanya, mai kusa da albarushi, ba a kuma share dajin gefen titi ba kafin a wuce. Roka ashana ce kawai, wasu ne suka tara karan. Da ta kauce taku goma ta faɗa cikin rogo, da yau ba wanda ya san sunan Abagana sai mutanen garin.

Kuma mu duba abin da ya biyo baya. Anacha ba ta koma hannun Biyafara ba. Fatakwal ta faɗi cikin Mayu 1968, Umuahia cikin Afrilu 1969, ran 15 ga Janairu 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan. Ogbunigwe ta jinkirta tafiyar sojan tarayya, ta sa sun riƙa taka ƙasa da tsoro, amma ba ta ci yaƙi ba. Cikin wannan jinkiri kuwa yunwa ta yi ta cin yara a ƙasar da aka rufe, jiragen tarayya kuma suna jefa bom a kasuwanni. Ban ce laifin masu ƙera makamin ba ne. Abin da nake cewa shi ne duk mai lissafin ribar makami ya kamata ya sa wannan a cikin lissafinsa.

Kaka Soja ba ya cikin ayarin. Yana Anacha cikin masu jiran kayan da ba su iso ba. Amma yana da aboki, direba, mutumin ƙasar Rabah, wanda suka shiga soja rana ɗaya, shi yana ciki, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kunnen nasa kuwa daga baya ne, a bayan garin Anacha, wata ta faɗi kusa da raminsu. Da na je hutun da ya wuce na zauna da shi da littafina. Ya dube ni ya ce, "Aboki, mi kaka rubutawa? In batun uban igwa na, rubuta wanga. Bindiga in anka harba ka san kai aka nema, sai ka duƙa. Wagga kau ko wanda yas sake ta bai san inda za ta ba. Sai ka ji ta tahe tana kuka, kowa ya ɗauka tashi ta." Ya ce sau da yawa a daji take faɗuwa ba ta taɓa kowa ba, amma daren nan ba mai barci.

Wannan magana ta fi mini duk abin da na karanta. Aikin roka na farko tsoratarwa ne, kisa na biye. Tun da ba ta zaɓe, kowa yana jin shi aka nufa, saboda haka guda ɗaya tana hana mutum dubu sukuni. A fagen fama, inda soja ke fuskantar soja, ana iya cewa ai yaƙi ne. To, yaya ke nan in babu fagen, in abin da ke gaban mai harbi gari ne?

Ba tambayar nishaɗi nake yi ba. Bayan yaƙi an tara wasu daga cikin masanan nan a cibiyar PRODA ta Inugu, samfurin ogbunigwe kuma yana gidan tarihin yaƙi na Umuahia, 'yan makaranta suna zuwa kallo. Mutane da yawa sukan yi takaicin cewa Nijeriya ta yi sakaci da wannan ilimi, kuma suna da gaskiyarsu. Amma ita roka ba ta tsaya jiran mu ƙera ta ba. Ta masana'anta ta cika Afirka, ta Rasha da ta Sin mai bututu 12 wadda ke kai kilomita takwas, rushewar Libiya cikin 2011 kuma ta buɗe rumbunan makamai suka malalo kudu ta hamada. Ran 23 ga Fabrairu 2021 mayaƙan Boko Haram suka yi ta cilla makamai cikin Maiduguri daga bayan gari. Gwamnan Barno ya ce mutum goma sun mutu, cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da yaran da ke wasan ƙwallo a unguwar Gwange. Ran 23 ga Disamba na shekarar aka sake cilla roka cikin garin, gab da saukar Shugaba Buhari, suka faɗa unguwannin da ke kusa da filin jirgin sama, suka kashe mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Maiduguri kuwa gari ne da aka kewaye da rami da tudun ƙasa don tsaro, watau ganuwa irin ta zamani. Ta hana mota shiga, abin da ya biyo ta sama kuwa ba ruwansa da ita.

Mu a gabashin Sakkwato bindiga ce ta fi cin mu. Cikin Oktoba 2021 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ƙidaya gawa 43, kuma da wuya ka sami gida a Taloka da bai san wani daga cikin mamatan ko danginsu ba. Amma kowa ya ga hotunan 'yan bindigar nan a waya suna saɓe da rokar kafaɗa. Ita wannan ba ta cikin jinsin da nake magana a kai, tafiyarta 'yan ɗaruruwan mita ce, asali don fasa motar sulke aka yi ta. Mutanen ƙauye dai duka roka suke ce musu, ban kuma ga laifinsu ba. Abin da ke hana ni barci shi ne ranar da mai dogon zangon za ta shiga hannun mutanen da suka riga suka nuna kasuwa ba ta fi ƙarfinsu ba. A ran nan ba sai sun hawo babura sun shigo gari ba, balle 'yan sa-kai su tare su a hanya. Haka kuma ina tsoron ranar da wani zai ba da shawarar a yi wa dajin ruwan roka don a huta, alhali cikin dajin nan akwai ƙauyuka da rugage da mutanen da aka sace.

Ran da zan komo makaranta Kaka Soja ya kira ni zaure ya tambaye ni ko gaskiya ne wayar nan tana nuna kowane gari na duniya daga sama. Na ce gaskiya ne. Ya ce in nemo masa Abagana. Na nemo, na miƙa masa. Gari ne yanzu mai rufin kwano ja ko'ina, titi ya ratsa tsakiyarsa. Ya kawo wayar kusa da idonsa, ya ce in ƙara girman hoton, na ƙara, ya ce in ƙara. Ya bi titin da yatsa tun daga gabas har ya fita gari ta yamma, sa'an nan ya sake dawowa a hankali. Ya tambaye ni ko ana iya ganin maƙabarta, na ce ban ga alamarta ba. Ya riƙe wayar har fuskarta ta yi duhu, ya miƙo mini, ya ce in gaishe da malamaina.